Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya: ba kowace mantuwa ce tsufa ba

Zuwa ga Farfesa Muhammad Ali Pate, Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, daga Agege nake rubuto maka, kuma maganar mahaifina ce ta kawo ni.

Baba ya fi shekara talatin yana fawa a mayankar Oko-Oba. Mutum ne da yake riƙe bashin mahauta ashirin a ka, ba takarda ba biro. Shekara biyu da suka wuce sai muka fara ganin abin da ba mu saba ba. Ya tayar da sallah, ya rasa raka'a ta nawa yake. Ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Wata rana bayan la'asar ya dawo daga masallaci da silifa ƙafa ɗaya, ɗayan ya zame masa a hanya bai ji ba, don tafin ƙafar ya dushe. Wasu suka ce ruɗewar tsufa ce, a yi haƙuri. Wasu suka ce sammu ne. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun je wani asibiti sau uku ana ba mu maganin barci ana sallamar mu.

Sai da muka faɗa hannun wata likita da ta tsaya ta yi tambaya biyu: me yake ci, kuma wane magani yake sha? Haƙoran Baba sun zube, nama ya gagare shi, abincinsa ya koma koko, shayi da burodi, da dare tuwo da miyar kuka. Ga shi ya shekara goma sha ɗaya yana shan metformin saboda ciwon suga. Ta tura mu gwajin jini, sakamako ya nuna bitamin B12 ɗinsa ya yi ƙasa sosai. Aka fara yi masa allura. Cikin wata uku Baba ya koma jan Yasin da ka bayan asuba. Ƙafar dai ba ta warware duka ba, likitar ta ce mun makara.

Ranka ya daɗe, kai likita ne, ka fi ni sanin cewa B12 daga nama, hanta, kifi, ƙwai da madara ake samunsa, kuma idan mutum ya manyanta cikinsa yakan rage iya tsotse shi daga abinci. Ka san metformin da omeprazole na gyambon ciki, waɗanda dattawanmu ke sha shekara da shekaru, suna ƙara rage shi. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan irin su Baba da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende, an yanke musu hukuncin ruɗewa, alhali wani daga cikinsu allura kawai yake jira.

Ban ce duk mai mantuwa bitamin ya rasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar gushewar tunani, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu, kuma yawancinsu ba su da maganin warkewa. Amma kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya nuna a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari ana iya kauce musu ko jinkirta su, idan aka kula da abubuwa irin hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani da zaman kaɗaici. Wanne ne a cikin waɗannan ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin unguwa?

Ƙasar nan ta taɓa yin irin wannan yaƙi ta ci nasara. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri, yau da wuya ka ga matashi da maƙoƙo irin na da. A 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa, suga da man girki. Amma dattijon da cikinsa ya daina tsotsar B12, ko me aka zuba a abinci ba lallai ya wadace shi ba, sai an gwada shi an ba shi magani.

Roƙona ke nan. A sa gwajin B12 cikin abin da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) take biya wa duk wanda ya haura shekara 60, da duk mai ciwon suga da ya daɗe kan metformin. Mu a ɗakin gwaji na kuɗi muka yi, kuma na san gidaje da yawa da jin farashin kaɗai zai sa su koma gida. A koya wa ma'aikatan asibitocin unguwa su riƙa tambayar tsoho abin da yake ci, su taɓa tafin ƙafarsa, su duba kunnensa da idonsa kafin su ce tsufa ne. Sashen kula da tsofaffi irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan (UCH), wanda aka buɗe a 2012, bai kamata ya gagari manyan asibitocin tarayya da ke Legas ba.

Sannan a yi mana bayanin da harshenmu. Dattawanmu a nan sun faɗa tsakani: sanarwar lafiya a Legas da Turanci da Yarbanci take zuwa, ta Hausa kuma tana can Arewa. Ku bi ta hannun sarakunan Hausawa da limaman Juma'a, minti biyar bayan sallah ya isa mutum ya ji cewa dushewar ƙafa da mantuwa abin kai wa asibiti ne.

Akwai wani abokin Baba, tsohon mai goro, da yanzu 'ya'yansa ke kulle shi a ɗaki don kada ya ɓace. Na yi musu magana, sun ce idan an samu kuɗin gwajin za su kai shi.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Ɗan wani mahauci, daga Agege, Legas.