Godiya ga Kamfanin Gine-gine na RCC da Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya kan Gadar Loko-Oweto

Assalamu alaikum.

Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Nasarawa. Wake da albasa nake kaiwa Otukpo da Inugu, in juyo da manja. Na daɗe ina son in miƙa wannan godiya a bainar jama'a, domin wanda bai san Loko, garin da ke gaɓar Kogin Binuwai a Jihar Nasarawa, kafin gada ba, ba zai gane girman abin da kuka yi mana ba.

A da, Kogin Binuwai ne ke yanke mana ranar tafiya. Ko dai ka sauke kaya a bakin ruwa, 'yan dako su loda a jirgi, ka shiga kana salati har ku kai Oweto, ko kuma ka zagaya ta Lafiya da Makurɗi, mai ya ƙone, yini ya tafi. Albasa kuwa ba ta san jira ba. Na taɓa kwana biyu a gaɓa cikin watan Satumba, kogi ya cika ya batse, ina ji ina gani buhunana suka fara wari. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Zamanin Shugaba Jonathan aka fara aikin, aka ƙaddamar da shi a watan Mayun 2023, dab da saukar Shugaba Buhari. Ya ɗauki shekaru, har wasunmu suka fid da rai. Amma mun ga wahalar da idonmu. Mun ga injiniyoyi da leburori cikin zafin rana suna kafa ginshiƙai can ƙarƙashin yashin kogi, damina ta kore su, rani ya dawo da su. Gada mai tsawon kusan kilomita 2 a kan ruwa irin na Binuwai ba wasan yara ba ce. Ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a gaɓar kogin nan, ta zo ta same ta a tsaye, ta wuce ta bar ta a tsaye.

Yanzu cikin 'yan mintuna nake ƙetarawa. Ranar da na fara ɗaukar mahaifiyata muka hau, ita da take tsoron jirgin ruwa tun tana yarinya, sai da ta sa direba ya rage gudu don ta kalli ruwan daga sama, tana ta sa muku albarka.

Roƙona ɗaya ga ranka ya daɗe Ministan Ayyuka da injiniyoyinsa: a riƙa zuwa duba ta bayan kowace damina. A leƙa gindin ginshiƙai ko ruwa ya zaizaye yashi, a share magudanan da ƙasa ke toshewa, a duba mahaɗan ƙarfen da tireloli ke daka dare da rana.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan iyayenku, Ya kai kowane ma'aikacinku gida lafiya.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Nasarawa