Rahoton ayyukan kungiya na bana: ajin adon harshe da sauran abubuwan da muka yi

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu malamai, yayye da kanne 'yan kungiya, barkanmu da ganin karshen wata shekarar. Shugaba yace in rubuto rahoton nan tun kafin ranar taro, kowa ya karanta a gida, kada muzo mu cinye lokacin tattaunawa wajen karanta takarda. Toh gashi, wanda yaga an tsallake wani abu ya rike shi sai mun hadu.

Bari in fara da kananan ayyuka in wuce su da sauri. Zaman karatu na wata wata ya ci gaba, banda watan azumi da muka daga da kuma wani zama na tsakiyar damina da ruwa ya hana kowa fitowa. Muna juyawa tsakanin Tudun Wada da Unguwar Rimi a nan garin Kaduna kamar da, kuma 'yan uwanmu na Rigasa da Kawo har yanzu suna korafin kudin mota, korafinsu gaskiya ne, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa zama ya zama sai an yi lissafi. Ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, mun tara tsofaffin littattafai daga gidajenmu muka rabawa yara. Ranar Hausa, 26 ga Agusta, anyi kacici-kacici da gasar karin magana, 'yan mata suka kwashe kyaututtukan kusan duka. Mun kuma kai yara Gidan Arewa suka ga inda Sardauna ya zauna da kayan tarihin da aka ajiye, sun dawo da tambayoyi sunfi amsoshin da muke dasu yawa. Shikenan a wannan bangaren.

Abin da ya cinye mana shekarar, karfinmu da kudinmu, shine ajin adon harshe, wato dabarun kawata magana da rubutu, na yaran karamar sakandare da 'yan aji daya na babba, kuma akansa zan tsaya.

Duk wanda ya taba koyar da adabi a cikinmu ya san matsalar. Zaka rubuta a allo kamantawa, siffantawa, jinsarwa, alamtarwa, kambamawa, yara su kwafe tsaf, su haddace ma'ana, ranar jarabawa su zubo maka ita kalma bata bata ba, amma ka basu shafi daya na labari kace su nuna maka inda marubuci yayi alamtarwa sai kaga kowa yana kallon silin. Shi yasa a taron bara aka yanke cewa bana a gwada koyarwa da labari guda daya dogo daga farkon shekara har karshe, kuma ya zama irin labaran nan na duniyar gobe da ta baci, inda hukuma ta rike komai na rayuwar mutane. Da farko an kawo shawarar Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua yayi wa littafin George Orwell na 1945, wadda ta fito a 1975. Littafi ne mai kyau ba musu, sai dai samun kwafi da yawa ya gagara, sannan wasu malamai sukace yara zasu dauke shi tatsuniya saboda dabbobi ke magana, kuma babu sa'arsu a ciki da zasu bi. Karshe kwamitin rubutu ya zauna ya rubuta namu, babi babi, ana rubutawa ana koyarwa. Har yanzu ba a tsayar masa da suna ba, yara dai suna kiransa littafin garin da aka hana tambaya.

Ga wadanda basu samu karantawa ba, labarin wani gari ne a gaba can, kogi ya kafe, an toshe rijiyoyi da siminti, ruwa sai a famfon hukuma da kati. Doka daya ce tafi kowace tsanani, ba'a yin tambaya. Wanda aka ji yayi tambaya ko da ta ina kwana ce a rage masa ruwan sati, wanda ya maimaita sai masu gaisuwa su ziyarce shi, haka ake kiran 'yan sintirin garin. Tauraruwar yarinya ce 'yar shekara 13 mai suna Ladidi, tana zaune da kakarta.

Abin da ni dai na gani a shekarar nan, kuma shine nake so taro ya duba kafin a yanke komai akan badi: a garin da ba'a iya magana kai tsaye, adon harshe shine hanyar rayuwa. Mutanen cikin labarin basa yin habaici don burgewa, suna yi ne don in sun fadi magana a fili ruwansu ya tafi. To yaro yana karantawa yana neman me wannan tsohuwa take nufi, don in bai gano ba labarin ya tsaya masa, kuma wannan neman shine nazarin da muke ta fama mu koya masa shekara da shekaru da alli.

Ga misali daga zaman da na halarta a Tudun Wada. Malamar dake jan ajin ta karanta wurin da kakar Ladidi take layin famfo tun asuba, rana ta take, ba damar ta tambayi mai tsaro yaushe za'a bude, sai ta shafa jarkarta tace, "Baiwar Allahn nan tayi kewar danshi, har ta fara mantawa da kamanninsa." Malama ta rufe takarda tace wa kaka take wa magana. Yara sukace jarka. Tace jarka tana jin kewa? Aka yi dariya. Sai wani yaro daga baya, irin wadanda basa daga hannu, yace Malama ai ba da jarka take ba, da mai tsaron take, tambayarsa take yi ba tare da tayi tambaya ba, haka gwaggona take yi in Baba ya makara da cefane, sai ta kama yiwa tukunya jaje. Ajin ya kaure. Sai da kowa ya gama kawo misalin gidansu sannan malama ta juya allo ta rubuta mutuntarwa, tace abin da kuka gano yanzu sunansa kenan, an baiwa abu marar rai halin mutum, kuma reshe ne na jinsarwa. Sati na gaba data tambaya babu wanda ya manta.

Haka gugar zana ma bata bamu wahala ba. Akwai inda Ladidi ke cewa, "Masu gaisuwa sun je gaida makwabcinmu tun watan jiya, har yau yana can yana amsawa." Yara basu bukaci bayani ba, wasu ma sai da jikinsu yayi sanyi. Da lasifikar da ke kan kowace falwaya tana cewa lafiya lau kowace safiya alhali ba wanda ya tambaye ta. Nan ne yaran suka fara kawo abin da suka gani da idonsu, kullen korona na 2020, da lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan a karshen Satumban 2021 har wajen wata biyu, da layin banki na farkon 2023 lokacin canjin kudi. Malamai sun barsu sun fada amma basu bari ajin ya koma zauren siyasa ba, ana dawo dasu kan shafi, wace kalma marubuci ya zaba kuma me yasa.

Kamantawa da siffantawa mun hada su a zama daya. Yaro ya rubuta garin kamar kurkuku yake, sai ace ya cire kamar din ya karanta da karfi, garin kurkuku ne, a tambaye shi wanne yafi nauyi a kunne. Wannan cikin minti kadan suke kamawa. Kambamawa kuwa, wato zuzuta abu fiye da kima, dama sana'arsu ce, ba sai an koya musu ba, sai dai a nuna musu suna.

Alamtarwa ce ta wahalar damu. Rijiyar da aka toshe da siminti a tsakar gidan su Ladidi tana fitowa a kusan kowane babi, kaka tana zama a kanta tana tsinke zogale, kuma an dauki lokaci kafin wata yarinya tace rijiyar nan kamar bakin mutanen garin ce, akwai abu a ciki amma an rufe. Madalla. Sai dai daga ranar komai ya zama alama, akuyar makwabta alama, tsintsiya alama, har wani yace takalmin Ladidi da ya tsinke alamar faduwar gwamnati ne. Dole malamai suka kafa ka'ida: kafin kace abu alama ne, nuna mana wuri biyu ko uku da ya dawo, kuma ka nuna abin da ya canza a tare dashi. Takalmi in ya tsinke sau daya to tsinkewa kawai yayi.

Don zayyana, wato zana hoton abu da kalmomi, mun fita dasu waje. An dauki mota an kaisu Kakuri, suka tsaya daga bakin titi suna kallon tsofaffin masaku, wurin da tun 1957 aka fara saka kuma dubban mutane suka ci abinci kafin a rurrufe. Aikin shine kowa ya rubuta layi biyar ba tare da ya sa kalmar tsoho ko lalacewa ko tausayi ba, abin da ido ya gani da abin da kunne yaji kawai. Wani ya rubuta tsatsar kofa da ciyawar data fito ta tsagin siminti, wata ta rubuta cewa kakanta yayi aiki a ciki kuma har yanzu yana farkawa lokacin da jiniyar safe take bugawa a da. Kwamitin rubutu ya roki izininta an saka wani abu mai kama da haka a babi na tara.

Ba kowa ne ya yarda da tsarin ba kuma ya kamata rahoto ya fada. Daya daga cikin iyayenmu, wanda ya dade yana duba takardun jarabawa, yace WAEC da NECO suna suke tambaya da ma'ana, in muka bar yara suna hira akan gwaggo da tukunya zasu shiga dakin jarabawa hannu rabbana. Maganarsa tana da tushe. Abin da aka daidaita akai shine karshen kowane zama a ware lokaci a rubuta suna da ma'ana da misali daya daga labarin a littafin rubutu, kuma duk karshen zango ayi gwaji irin na jarabawa. Ni a ganina suna ya zo a karshe ya fi, amma dole ya zo. Sai kuma wasu iyaye da suka aiko cewa labarin abin da zai faru gobe sai Allah, kada mu koyawa yara duba. Shugaba da malamin addinin dake cikinmu suka zauna dasu suka nuna musu ba'a ce haka zai faru ba, gargadi ne irin na in kaki ji ba ka ki gani ba, aka basu babi uku suka karanta, yawancinsu suka bar yaran suka dawo. Wata makaranta kuma data bamu aji kyauta, shugabanta ya janye a zango na biyu yace littafin yana warin siyasa, ba mu ja dashi ba, wata 'yar uwa ta bamu zauren gidansu muka karasa a can.

Lokacin zama ma sai da aka canza. Asabar da safe tana karo da Islamiyya, 'yan mata musamman suka fara raguwa, aka mayar Alhamis da yamma sai suka dawo. Wanda zai shirya jadawalin badi dan Allah ya rike wannan.

Batun kudi, ma'aji zai karanto lissafi dalla dalla a taro da rasitai. A takaice hoton takardu ne ya cinye kaso mafi girma, don kowane babi sai an buga wa kowane yaro nasa, mun gwada turawa a wayar iyaye amma wayar tana fita kasuwa da mai ita. Akwai kuma mai buga takardu daya da ya karbi kudin babi biyu ya rike mu har zango ya kusa karewa, an karbo aikin kuma an daina kai masa. Kudin wata kuwa, mu fadawa juna gaskiya, mutane kalilan ne suke dauke da kungiyar nan, akwai wadanda rabonsu da biya tun kafin babbar sallah. Ba za'a kira suna ba amma ma'aji yana da littafinsa.

Abin da kwamiti ke kawowa gaban taro don amincewa: a karasa babi biyu na karshe, kuma kafin a nunawa yara namu karshen a bari kowannensu ya rubuta nasa, don tuni suka rabu gida biyu, masu cewa Ladidi ta fasa simintin rijiya da masu cewa ta tsaya gaban lasifika tayi tambaya da karfi kowa yaji. A buga littafin a dunkule ko da kwafi kadan ne, ya fi wannan hoton takarda na kowane sati araha in an lissafa. A shirya zaman kwana daya ga malaman Hausa dake son gwada tsarin a makarantunsu, wasu sun riga sun tambaya. Sannan a duba bude aji na biyu a tsallaken kogi, wajen Kakuri ko Barnawa, in an samu mai ja da wurin zama, kada mu bude abin da bamu da mai rikewa.

Taro ranar Asabar ta karshen wata ne bayan la'asar a inda muka saba. Duk mai sunan da yake ganin ya dace da littafin ya rubuto a takarda ya taho dashi za'a kada kuri'a, wadanda kuma suka ari kwafin babi na shida da na bakwai dan Allah a dawo dasu ranar, su kadai ne suka rage mana.

Wassalam,
Sakataren kungiya