Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Inshorar Da Ya Ce In Tafi Maraɗi Neman Haƙƙina

Zuwa ga Manajan Darakta,
ta hannun Manajan Reshen Kano.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Jiya Litinin, 7 ga Yuli, 2025, sau huɗu na kira jami'inku mai kula da biyan diyya. Kira biyu wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. Na uku da hannu aka kashe shi, na ji. Na huɗu kuma aka ce mini wayar a kashe take. Shi ya sa na zauna rubuta wannan takarda a inda jama'a za su gani, tunda wadda na kawo ofis da hannuna har yau ba a ga dama an amsa ba. Ban sa sunan kamfaninku ba, ba kuma don tsoro ba. Kun san kanku, kun kuma san fayil ɗina, domin sau uku ina kawo muku takardu iri ɗaya.

Yau kwana 145 ke nan da aka buge mini mota.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zaune a Kurna. A ranar 4 ga Nuwamba, 2024, na biya ku naira 400,000 kuɗin cikakkiyar inshora ta shekara guda a kan motata Toyota Corolla, wadda ku da kanku kuka yi wa kuɗi naira miliyan 8. Kashi biyar cikin ɗari ke nan, wanda shi ne mafi ƙanƙantar farashin da hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta yarda a karɓa a cikakkiyar inshora tun daga farkon 2023. Da na so, da naira 15,000 na yanki ta ɓangare na uku, wadda ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, na wuce abina kamar kowa. Wakilinku ne ya yi ta sintiri a shagona, ya sha shayina ya fi a ƙirga, yana cewa, "Alhaji, wannan ko wa ya buge ka, ko kai ka bugi wani, ko bango ka daka, ko wuta ce ta kama, namu ne." Ko wa ya buge ka. Da bakinsa ya faɗa, a gaban yaran shagona biyu.

Ranar Alhamis, 13 ga Fabrairu, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ina dawowa daga kasuwar Dawanau da buhun gero da na wake na shirin azumi. Kafin in iso Bachirawa wani mai adaidaita sahu ya faɗo titi, na taka birki, sai kawai na ji kamar an rufta mini gini a baya. Babbar mota ce mai lambar Nijar. But ɗin ya shige ciki har kujerar baya, gilashin baya ya tarwatse, bamba da fitilu duk sun zube a kwalta, wake ya watse a titi yara suna tsinta. Allah ya taƙaita, ban da ciwon wuya na kwana biyu babu abin da ya same ni.

Zan faɗi gaskiya a kan direban nan, don kuna ta fakewa da shi kamar wani ɗan fashi. Bai gudu ba. Ya sauko jikinsa na rawa, dattijo ne da furfura a gemu, yana cewa, "Alhaji ka yi haƙuri, birki ya ƙi ci da wuri, laifina ne." Mutumin Maraɗi ne. Ya buɗe wata jakar leda ya fito da lasisinsa, da takardun mota, da abin da ya kira asirans, da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa wanda masu tsallaka iyaka ke riƙewa. Duk na ɗauke su a hoto a wurin. 'Yan sanda masu kula da haɗurra suka zo suka auna, suka zana, aka tafi da motocin biyu ofishinsu.

A nan ne gizo ke saƙar, don haka a saurare ni da kyau.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, mai masaukin direban a Dawanau ya zo da wasu dattawan kasuwa biyu. Suka ce motar na ɗauke da kayan mutane, kowace rana ta kwana asara ce, a yi sulhu. Suka ajiye naira 900,000 a gabana, suka ce in bakanike ya duba ya ga ba ta isa ba, za su buga wa mai motar waya a ƙaro. Irin yadda muka saba ke nan a garin nan, kowa ya sani. Ni kuwa da yake na ɗauki kaina mai bin doka, na fita waje na kira wakilinku. Ya ce kada in kuskura in taɓa ko sisi. Ya ce in na karɓa na rushe inshorata da hannuna, domin kamfani ne zai gyara mini mota, sannan shi ya bi bayan wancan ɓangaren ya karɓo kuɗinsa. Na ce to a saki motar mutanen? Ya ce, "A sake ta mana, ai takardunsa na hannunmu." Na koma ciki na mayar wa dattawan nan kuɗinsu. Ɗaya daga cikinsu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya sa ka san abin da kake yi." Ranar Asabar motar ta kama hanyar Katsina.

Ku ne kuka sa na saki reshe na kama ganye.

Abin da ya biyo baya ba zan iya jera shi rana-rana ba, don ya yi yawa. Cikin makon farko na cike fom, na kawo rahoton 'yan sanda, hotuna, kwafin lasisina, da ƙiyasin gyara daga gareji a Ƙofar Ruwa: naira 2,350,000. Wani injiniyanku ya zo cikin azumi, ya zagaya motar bai fi minti goma ba, ya ɗauki hoto, ya tafi. Aka ce a jira Legas. Bayan ƙaramar Sallah aka ce rahoton 'yan sanda ya ɓace, na sake kawowa. Wajen ƙarshen Afrilu aka ce ƙiyasi ɗaya bai isa ba, sai biyu. Na biya aka yi na biyu. Cikin Mayu aka ce takardun direban da Faransanci suke, sai an fassara. Na nemi wani malamin Faransanci na biya shi naira 25,000 ya fassara shafi huɗu, har da sa hannu. Aka karɓa, aka ce ranar Laraba. Larabobi nawa suka wuce? Kullum gafara sa, ban ga ƙaho ba. Wakilin nan mai shan shayi kuwa tun tuni ya daina bi ta layinmu a Kwari.

Ranar babbar Sallah, 6 ga Yuni, saƙonku ya shigo wayata kuna yi mini barka da Sallah, kuna cewa kullum kuna tare da ni. A cikin adaidaita sahu na karanta shi, ni da 'ya'yana uku, muna hanyar idi.

Sai ranar Talata, 17 ga Yuni. Wannan kam na riƙe ta daƙiƙa-daƙiƙa. Na iso ofishinku ƙarfe 10:20 na safe. Aka ce manaja na taro. Na zauna a kan benci har aka kira Azahar, na fita na yi salla na dawo. Ƙarfe 2:45 aka shigar da ni. Bai ce in zauna ba, ni na ja kujera. Yana danna waya ya ce:

"Alhaji, kai ne na maganar motar Nijar ɗin nan ko? Gaskiya maganarka tana da wuya. Da ɗan ƙasa ne ya buge ka da tuni an wuce wurin. Wannan baƙo ne."

Na ce, "Yallaɓai, nuna mini layin da aka rubuta haka a takardar da na sa wa hannu."

Ya ce, "Ba ka jin labarai ne? Nijar ta fita daga ECOWAS. Wa za mu bi? Shawarar da zan ba ka, ka shiga mota ka je Maraɗi ka nemi kamfaninsu."

Na ce in shiga wace motar? Ya yi dariya. Sannan ya juya wajen wata ma'aikaciya ya ce da Turanci, yana zaton ba na ji, wai matsalar mutanen nan ba sa karanta abin da suke sa wa hannu.

Ranka ya daɗe, na ji, kuma na karanta. Tun daren ranar na zauna da ƙanina wanda ya yi karatun lauya muka bi takardar nan layi-layi. Akwai inda aka ce ba ku biya in direba ya sha ya bugu. Akwai in ba shi da lasisi, akwai yaƙi da tarzoma, akwai in an mai da motar gida ta haya. Akwai kason da mai mota zai ɗauka daga aljihunsa a kowace ɓarna, kuma ban yi gardama a kansa ba. Babu inda aka ce in wanda ya buge ka ba ɗan Najeriya ba ne, babu ruwan kamfani. Babu. A kan titin Kano aka buge ni, ba a Damagaram ba.

Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS, kuma fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, mako biyu da kwana ɗaya kafin hatsarina. To wakilinku bai san haka ba ne ranar da ya ce in mayar da kuɗi in saki mota? In ya sani ya yi shiru, ya cuce ni. In bai sani ba, kun tura jahili yana ba mutane shawara a kan dukiyarsu. Zaɓi ɗaya. Katin nan mai ruwan ƙasa tun 1982 aka kafa tsarinsa a Kwatano, don dai wanda baƙuwar mota ta yi wa ɓarna kada ya tsallaka iyaka yana bara: ofishin tsarin na ƙasar da aka yi hatsari shi ke karɓar magana ya bi takwaransa na can. Ko hanyar tana nan a buɗe, ko siyasa ta toshe ta, wannan ciwon kanku ne, ku masu lauyoyi da ofis a Legas. Ni ban ƙulla komai da kamfanin Maraɗi ba. Da ku na ƙulla. Ku biya ni, ku bi bashinku, kamar yadda kuka ce tun farko.

Kalmar "baƙo" ɗin nan ma ta tsaya mini a rai. Mutumin da muka yi magana da shi da Hausa tsantsa, wanda sarkin garinsu har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, wanda motocinsu ba su taɓa yankewa a Dawanau ba. Shi baƙon ya tsaya, ya amsa laifi, ya aiko da dattawa da kuɗi a hannu cikin kwana ɗaya. Ku 'yan gida wata biyar kuna yi mini jeka-ka-dawo. Kamfanin da ke sayar da inshorar mota a Kano, garin da motocin Jibiya da Kongolam da Maigatari ke kwarara cikinsa dare da rana, ya ce bai san yadda zai yi da mota mai lambar Nijar ba? Me kuke sayarwa ke nan?

Makon jiya na je garejin. An ja motar gefe, ƙarƙashin wata darbejiya, an lulluɓe bayanta da tamfol. Ruwan damina ya sami hanya ya shiga, kujerun baya sun yi fumfuna, tayoyi biyu sun sace, ragowar waken da ya maƙale a but har ya tsiro. Mai garejin, mutumin kirki, ya sosa kai ya ce, "Alhaji, wancan lissafin na Fabrairu fa ya tashi aiki, kaya sun ƙara kuɗi, ga kujeru yanzu." Kai yara makaranta da dawo da su kuwa, da zuwana kasuwa, abin da nake kashewa a rana bai gaza naira 5,000 ba. Ban ma tsaya tarawa ba don kada hawan jini ya kama ni.

Ga abin da nake nema. Ku turo injiniya a sake ƙiyasi a kan farashin yau, a gabana, ku biya gyaran. Ɓarnar da ruwa ya yi a kanku take, don jinkirinku ne ya jawo ta. Ku mayar mini da naira 25,000 ta fassarar da ba a buƙata. In kuwa kun ce ba za ku biya ba, ku rubuta mini a takarda mai tambarin kamfani, ku ambaci sashen da kuka dogara da shi, wani ya sa hannu da sunansa. Wata biyar ban taɓa samun layi ɗaya a rubuce daga gare ku ba in ban da barka da Sallah, kuma na gane dalili: maganar baki ba ta zuwa gaban hukuma.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. A kan bencin nan naku na haɗu da wata baiwar Allah mai takaba tana bin diyyar motar mijinta, da wani direban bas da ya ce shi ya daina ƙirga zuwansa. Kowa da irin dalilin da aka ba shi. Ranar karɓa kuna da doka a baki, ba kuɗi ba kariya, ko kwana ɗaya ba kwa ɗaga wa mutum. Ranar biya sai fayil ya ɓace. Tun 1 ga Fabrairun bana 'yan sanda suka tsananta kamen masu yawo ba inshora, mutane na tururuwa suna yanka, kuɗi na shigo muku kamar ruwa. Sannan ku hau rediyo kuna cewa mutanen Arewa ba su waye da inshora ba, wai sai an wayar musu da kai. Kawuna ya hana ni tun farko, ya ce shi bai taɓa ganin wanda inshora ta biya ba, na ce masa zamani ya canza. Yanzu in muka haɗu sai dai ya tambaye ni, "Ya motar?" ya yi murmushi. Mutanen layinmu a Kwari duk sun ga abin da ya faru da wanda ya biya 400,000. Ku kuke koya wa jama'a cewa takardar inshora ta nuna wa ɗan sanda ce kawai a kan hanya.

Na ba ku kwana goma sha huɗu daga yau. Ranar Talata, 22 ga Yuli, in ban ga injiniya ko takarda ba, zan miƙa ƙorafina ga sashen karɓar koke na NAICOM da kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, tare da rasit, da hotuna, da jerin kiran da na yi, da shaidar yaran shagona da dattawan Dawanau da na mayar wa kuɗi, waɗanda suka ce a shirye suke su zo. A can kam da suna zan kira ku.

Lambata ba ta canza ba. Ita ce wadda kuka turo wa gaisuwar Sallah.

Wassalam.

Mai riƙe da cikakkiyar inshorarku,
Kurna, Kano.
8 ga Yuli, 2025.