Kun tuna da Ruwanda, kun manta da gidan rediyon da ya hura wutar

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadi na tunawa da kisan ƙare-dangin Ruwanda, wanda na saurara daga farko har ƙarshe, na kuma kashe rediyo raina a ɓace. Baƙon da kuka gayyato ya ce bala'in ya auko wa duniya ne ba zato ba tsammani, mai gabatarwa kuwa ya gaskata shi ya wuce tambaya ta gaba. Wannan magana ba ta da tushe. Tun ranar 11 ga Janairun 1994 kwamandan sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali, Janar Romeo Dallaire, ya aika wa shugabanninsa a New York cewa ana rubuta sunayen 'yan ƙabilar Tutsi gida-gida, ana kuma ɓoye makamai, ya nemi izinin ƙwace su aka hana shi. Kusan wata uku ke nan kafin a fara yanka mutane.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ku gidan rediyo ne, kuka yi awa guda kuna maganar mutum kusan 800,000 da aka kashe cikin kwana 100, amma ko sau ɗaya bakinku bai furta sunan RTLM, tashar rediyon Ruwanda da ta hura wutar kisan, ba. Tashar nan ta fara watsa shirye-shirye tun a 1993, kuma da kiɗa da barkwanci ta fara jan hankalin matasa, irin shirin da ake saurara a gareji da bakin kasuwa ana dariya. A cikin dariyar ne aka riƙa kiran 'yan Tutsi "inyenzi", wato kyankyasai, har kunne ya saba. Da lokaci ya yi, masu gabatarwar nan su ne suka riƙa karanto sunayen mutane da lambobin motocinsu da wuraren da suka ɓuya, 'yan Interahamwe, wato 'yan bangar ƙabilar Hutu masu kisan, na tsaye a shingayen hanya, adda a hannu ɗaya rediyo a ɗaya. An nemi Amurka ta toshe muryar tashar, jami'anta suka kawo hujjar doka da ta tsada, wai jirgin da zai yi aikin zai ci kimanin dala 8,500 a kowace awa. A 2003 kotun duniya da ke Arusha ta samu Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tashar, da laifi saboda abin da aka watsa ta iska. Duk wannan bai samu ko minti biyu a shirinku ba.

Ina wannan magana ne saboda na ga ƙaramin samfurinta da idona. Shekarun baya, ina koyarwa a wata makarantar firamare, rikici ya ɓarke a garinmu. Mako guda kafin nan ina zaune a teburin mai shayi na ji samari suna ta maimaita wani mummunan suna da wani mai buga waya ya laƙaba wa wata al'umma a shirin ra'ayin masu sauraro, suna faɗa suna tafawa, ni ma, Allah ya yafe mini, murmushi kawai na yi na ci gaba da shan shayina. Ranar da abin ya faru, maƙwabcina tela da matarsa da 'ya'yansu uku suka kwana biyu a ɗakin ajiyar hatsina, bayan buhunan masara, matar tana toshe bakin ƙaramin da gefen zanenta don kada ya yi kuka. Cikin waɗanda suka zo ƙofar gidana da adduna akwai yaron da ni na koya masa riƙe fensir. Ya san sunan telan sarai, don shi ya ɗinka masa kayan salla, amma da ya buɗe baki wancan sunan na rediyo ya kira. Da ƙyar, da magiya da rantsuwa da taimakon limamin unguwa, suka juya.

To, ranka ya daɗe, a tasharku ma ina jin irin wannan. A shirin safe mai buga waya zai haɗa ƙabila guda ko mabiya addini guda ya ce duk ɓarayi ne ko duk maciya amana ne, ko ya kwatanta su da dabba, mai gabatarwa ya yi 'yar dariya ya ce ra'ayinsa ne, ya karɓi kira na gaba. Wanda ya san yadda RTLM ta fara ba zai bar irin wannan kira ya kai ƙarshe ba, kuma ina zargin rashin sanin ne ya sa ma'aikatanku suke ɗaukarsa wasa. Haka kuma a daren Lahadin nan, daidai lokacin da wani mai sauraro ya fara tambaya a kan Darfur, kuka katse shi da tallan maganin basir, ba ku sake komawa kansa ba.

Ina roƙonku ku sake shirin, ku ware shi ga rawar da rediyo da jaridar Kangura mai yaɗa ƙiyayyar 'yan Tutsi suka taka a Ruwanda, ku kuma zaunar da masu karɓar kiran wayarku su saurare shi kafin kowa. Idan kun sa rana, ku sanar da wuri, zan tara tsofaffin ɗalibaina mu ji tare, har da wancan yaron, wanda yanzu magidanci ne mai 'ya'ya huɗu kuma har yau ba ya iya haɗa ido da ni.

Wassalam.

Naku mai sauraro na kullum,
Malamin makaranta mai ritaya