A Waiwayi Rafin Ginzo da Abin da Ya Rage na Ganuwar Katsina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ɗan sam mini fili in yi magana kan rafin Ginzo, wanda mu Katsinawa muka mayar bola.

Ɗan ƙanena da ya yi karatu a Maleshiya ne ya tayar mini da zancen. Ya nuna mini hotunan garin Malaka na ƙasar a wayarsa: kogi ya ratsa tsohon gari, an gyara gidajen kaka da kakanni ba a rushe su ba, baƙi na yawo a kwalekwale. Tun 2008 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Maƙwabciyarsu Singafo kuwa, koginta har wari yake yi kafin su ɗaura ɗamarar tsabtace shi a 1977. Sun gama a 1987, shekarar da aka ba mu jiha. Kuma ba yashe kogi kaɗai suka yi ba. Masu tallar abinci a gefensa an gina musu rumfuna, an kuma hana ruwan ƙazanta gangarawa ciki.

To namu fa? Duk wanda ya bi ta Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi zuwa Ƙofar Sauri da rani ya san abin da nake faɗa. Baƙin ruwan kwata ne da leda. Da shi masu lambu ke ba latas da kabeji ruwa, mu kuma mu saya mu kai wa iyali. Ban ga laifinsu ba, wane ruwa muka bar musu? Da damina ledar ta toshe hanya, ruwa ya faɗa gidajen bayin Allah.

Ganuwa ma haka. An ɗebe ƙasarta an yi gini, an hau kanta an kafa shaguna, har ƙofofin sun zama ƙofa ba katanga. Ga Hasumiyar Gobarau, ga tsohuwar Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, amma baƙo zai zo ya tafi bai samu wanda zai zagaya da shi ba.

Ina roƙon hukuma ta fara da kwashe shara a kai a kai, da raba ruwan kwata da rafin, ta kuma shata abin da ya rage na ganuwa. Kafin a kawo katafila, a zauna da masu unguwanni da masu lambun nan, don abincinsu a bakin rafin yake.

Naku mai karatu,
daga Ƙofar Marusa, Katsina.