Walimar Sallah a Fagge

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yaba wa matasan layinmu a Fagge. Washegarin Babbar Sallah, da jama'a suka dawo daga kallon Hawan Daushe, sai suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa bayan Magariba, kowane gida ya fito da kwanonsa: tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, soyayyen naman layya, ga zoɓo mai sanyi a jarka.

Abin da ya fi burge ni, sun gayyato abokan kasuwancinsu na Sabon Gari, Ibo da Yarabawa. Titi ne kawai tsakaninmu da su, amma shekara da shekaru sai dai gaisuwar bakin shago. Na ga wani dattijo mai sayar da kayan mota yana koyon yankar loma, yaji na sa shi hawaye, yana cewa a ƙara.

Sai dai matan da suka wuni a bakin murhu ƙanzo kawai suka samu. Baɗi a ware musu nasu wurin, a kuma fara zuba musu.

Naka,
Wani mai karatu, Fagge, Kano