A riƙa kai yara gidajen tarihi, amma a tsara

Edita barka da aiki, dan Allah a bani fili. Na raka ajin ɗiyata ziyara wani tsohon gida da aka mayar gidan tarihi, wallahi yarinyar da bata son darasin tarihi sai gata ta kafe gaban wata tsohuwar fitila tana tambayar yadda masu gidan suke karatu da dare. Amma an cusa yaran duka ɗaki ɗaya, na baya basu ji komai ba, abin ya dameni. A raba su rukuni-rukuni mana, malamai su basu labarin mai gidan tun a aji, a kuma tanadi kwafin kayan da za su taɓa tunda na asalin hannu na lalata su.

Daga wata uwa